Tsakiyar Wasiƙar Inna Hajo

Har in koma ga Ubangijina ba zan taɓa mantawa da ranar da dabarar karatuna ta kashe ni da kunya ba. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Isa, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Kullum ina gaya wa ɗalibai cewa mai wayo ba ya karanta komai da komai: duba layin farko, duba na ƙarshe, ka kama kan zance. (A jarrabawa tana aiki, wannan kam ba zan ƙaryata kaina ba.)

Shekarar da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, mutane suka koma wasiƙa. Wata safiya ina tsakiyar darasi sai ga Inna Hajo, tsohuwar da ta gudo daga Burkusuma take zaune a unguwarmu. Ɗanta Sani ya tsallaka Nijar, wata huɗu ba labari. Wani ɗan acaba ne ya kawo mata takarda daga abokin Sani.

Maimakon in ja ta gefe, sai na ce ga misali ya kawo kansa. Na ɗaga takardar a gaban aji. Sama gaisuwa da fatan alheri, ƙasa kuma a gai da kowa da kowa. A tsakiya idona ya gifta kan wata kalma, "tchika", na ɗauka Faransanci ne na wuce.

"Inna, kowa lafiya lau," na ce, har da murmushi.

Ta yi ta sa mini albarka. Don murna ta manta takardar a kan tebur, ta ce za ta daka fura ta aika wa Sani kafin ɗan acabar ya juya.

Hadiza, ɗalibar da nake yi wa faɗa kan jan ƙafa a karatu, ita ta bi takardar layi-layi. Ta ce mini a hankali, mutanen Nijar da "tch" suke rubuta "c". Na sake dubawa. Sani ya cika, zazzaɓi, an yi jana'iza ranar Juma'a. Ni da na san Bahaushe ba ya fara wasiƙa da mutuwa, ni ne na tsallake tsakiya. Na tsani kaina.

Na sami Inna Hajo a bakin turmi, maƙwabta sun kewaye ta suna barka. Na durƙusa, na faɗa da bakin da ya yi murmushi ɗazu. Ta ajiye taɓarya, ta daɗe tana kallona.

"Malam, to wace za ni ɗauka, ta sahe ko ta yanzu?"

Furar nan ita aka raba sadaka.

Har yau ina koyar da dabarar, amma nakan fara da tambayar wa ya rubuta, kuma wa ke jiran amsa. Ni kuwa ko takardar ƙunshin ƙosai aka miƙo mini, daga tsakiya nake farawa.