Barkar da na kai wa mabuga

Allah ya yafe mini ƙaryar sanin Wurno. Zamanin Nasara na raka surukina daga Giyawa zuwa Wurno, muna ratsa unguwar marina a ƙasa, ina nuna masa gari kamar ni na kafa shi. Sai muka ji kiɗa daga wani zaure.

"Bikin suna a kai, Baba, na san gidan," na ce.

Na shiga da goro ina "Allah shi raya." Ƙarti huɗu na tarar suna bugun rinannen rawani a kan gungume. Na tsaya ina waigen makaɗa.

Babbansu ya karɓi goron. "Amin, Malam. Mi anka haihwa?"

Har surukina ya rasu, in na dawo daga Wurno sai ya aiko a tambaye ni lafiyar mai jego.