Injiniya Toktosun da Kitsen Wutsiyar Rago

Duk birnin Bishkek babu wanda ya san sirrin ƙarfe kamar Toktosun. Shi ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani? Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a tashar bas, sifana ba ta taɓa ɓata masa hannu ba, amma daga ranar da ya sayo ɗakin tafi-da-gidanka ƙirar Jamus, irin mai taya biyu da ake ja da mota, ya daina amsa kowane suna sai Injiniya.

Matarsa Burul ba ta ɗakin take yi ba. Ɗansu ya yi aure, wannan ce ziyararsu ta farko ga surukai a makiyayar Son-Kul, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Kwana uku ta yi tana ɗura naman doki a hanji, tana tsoron kada a ce uwar ango ba ta iya ba.

Maƙwabcinsu Kubat, bakanike, ya leƙo da shawara biyu: a cika boris ɗin tayoyin da giris, sannan firjin da ke cikin ɗakin na gas ne, in ɗakin ya karkace ba ya sanyi.

"Ƙanena," in ji Injiniya, "kakanninmu sun keta duwatsun nan da amalanke, wane giris suka sani? Ilimi ba a gareji yake ba."

Ya yanko kitsen wutsiyar rago ya danƙara wa boris ɗin.

Kafin su yi nisa ƙamshin gashi ya tashi. Karnukan kowane ƙauye suka riƙa yi musu rakiya, Injiniya yana ɗaga musu hannu. Da tayar hagu ta fara kuka, ya ce haka ƙarfen Jamus yake yi in ya ji daɗin hanya.

Da rana suka tsaya shan shayi. Ga fili shimfiɗaɗɗe a bayan rumfar mai shayi, amma can wa zai gani? Ya faka a kan gangare, daidai idon jama'a. Awa biyu yana yi wa direbobi lacca. Burul ta buɗe firjin da ta zuba naman a ciki, ta ji shi ɗumi kamar cikin aljihu. Injiniya ya zo ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne, ya mare shi sau biyu, ya ce sanyin yana taruwa ne daga ciki. Yana juya baya ta kwashe naman, ta tsoma shi a rafin da ke gangarowa daga ƙanƙara, ta naɗe cikin jiƙaƙƙen bargo ta tura ƙarƙashin kujera.

Ana hango bukkokin surukai tayar ta ƙame, hayaƙi ya turnuƙe. Surukin, dattijo Asanbek, ya iso a kan doki yana shaƙar iska, ya ce ai da ba su gasa nama a hanya ba, an riga an yanka musu rago. Da dawaki biyu aka ja fasahar Jamus zuwa ƙofar gida.

Naman Burul kuwa, matan gidan har tambayarta suke yadda ta haɗa shi. Injiniya ya gyara murya ya bayyana cewa aikin firji ne.

Da aka zo rabon rago, Asanbek ya miƙa wa Injiniya kan ragon, kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Injiniya ya miƙe zai fara jawabin da ya kwana uku yana haddacewa, sai dattijon ya ƙara turo masa wani faranti, da kitsen wutsiya jibge a kai.

"Wannan na tayar dama ne, suruki," in ji shi. "Kada ta ce mun yi mata rowa."