Gaisuwar Suruki a Kan Tarakta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da hantsi, a farkon daminar da na karye a hannu. Abin ya faru ne a gonar surukina, bayan garin Gwashi. Mutum biyu ne suka gani da idonsu: shi surukin nawa, wanda kowa ke kira Malam saboda makarantar allon da yake da ita, da maƙwabcin gonarsa Sanda, Bafulatani mai shanun huɗa. Waɗanda suka ce sun gani kuwa, a yau za su cika kasuwa guda.

Ni direban tarakta ne. Tun shekarar da na auri 'yar Malam, da zarar an yi ruwan shuka gonarsa nake fara yi wa huɗa, kafin ta kowa, har tawa. Ba wanda ya ɗora mini. Iyayenmu da gayya suke yi wa surukansu noma, ni kuma da inji. Kuma wannan huɗar ita ce kusan duk maganar da ke tsakanina da Malam, domin a gabansa bakina ba ya buɗewa. In cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi, in tashi. Sauran bayani kunyoyin gonar ne ke yi mini.

To, ana saura makonni kaɗan ruwa ya sauka, ina dawowa daga Anka a kan babur, akuya ta yanke shawarar tsallake hanya. Ita ta tsallake lafiya. Ni hannuna na dama ya karye ƙasa da gwiwa. Wani mai ɗori a Gummi ya ja shi, ya jera masa karare, ya ɗaure, ya rataya mini shi a wuya da tsumma. Ya ce ko buta kada in ɗauka.

Da ruwan shuka ya sauka, matata Luba ta dawo daga gidansu da saƙo.

“Baba ya ce ka huta bana. Sanda zai yi mishi da shanu.”

“Shanu?”

“Shanu. Masu ƙafa huɗu. Kuma duk ƙafafun nasu lafiya lau suke, Baban Nana.”

Na ce mata to. Amma na san yadda irin wannan abu yake tafiya. Bana a ce ka huta, baɗi a ce Sanda ya riga ya saba da gonar, shi ke nan ka zama surukin da ake gani ranar salla kawai.

Akwai kuma wata tambaya da ta daɗe tana damuna tun ina kwance ina kallon rufin ɗaki: wai shin me hannun dama yake yi a kan tarakta da hagu ba zai iya ba? Na je inda aka ajiye ta, na hau, na zauna inji a kashe, na bi aikin ɗaya bayan ɗaya. Giya tana tsakanin ƙafafu, hagu na iya kai mata. Totur na hannu ne, in ka saita shi a wuri ɗaya nan zai tsaya. Kuloci na ƙafar hagu ne, birki na ƙafar dama. Abin da ya rage shi ne ƙarfen ɗaga garma, wanda ke gefen dama. Shi ma na gano cewa in na tokare sitiyari da gwiwar ƙafata ta hagu, zan iya miƙa hannun hagu ta gaban cikina in ja shi. Na gwada har na gamsu. (Na ma fara tunanin ko masu ƙera tarakta sun san da wannan. Mutum in yana jinya, kansa yakan ɗauke shi da muhimmanci.)

Ranar Asabar na fita da sassafe, na ce wa Luba zan je a duba inji. Na shiga gonar Malam na fara.

Kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi. Kunya ta farko ta miƙe sambal. A ƙarshen gona na tokare sitiyari da gwiwa, na ɗaga garma, na kama sitiyari, na juya, na sauke garma. Ta biyu ma haka. Kafin hantsi na ci kusan rabin gonar, ƙasa baƙa wuluk tana ƙamshi, balbelu na bin bayana. Na shirya a raina yadda Malam zai zo ya tarar an gama, ya tambaya wa ya yi, a ce masa ai mai hannu ɗayan nan ne.

Ina cikin wannan sai na hango su suna tahowa ta bakin iyaka. Iyakar kuwa layin ciyawar gamba ce, doguwa, wadda mahaifin Malam da mahaifin Sanda suka dasa tare, kuma tun lokacin ba a taɓa jin kansu a kan ko taku ɗaya na ƙasa ba. Malam na gaba da carbinsa, Sanda na baya da sandarsa a kafaɗa, sun zo ne su duba inda shanu za su fara.

Malam ya tsaya, ya ɗaga mini hannu.

Duk lissafin da na yi a kan taraktar nan, ban sa gaisuwa a ciki ba. Na duba abin da ke gabana cikin natsuwa. In ɗaga hannun hagu? Ba a gaida suruki da hagu; yaro ma in ya miƙa wa babba abu da hagu sai an buge hannun. In ƙi ɗagawa? Wannan ya fi muni. Hannun dama kuma ba ya ɗaguwa da kansa. Sai mafita ta zo mini, har na ji daɗin kyawunta: in tokare sitiyari da gwiwa kamar yadda na saba, in zare hannun dama daga tsumma, in tallafe shi da na hagu, in ɗaga. Wannan ai ita ce ma cikakkiyar jinjinar ladabi, dama a sama, hagu na riƙe da ita.

(Akwai hanya ta huɗu, wato in taka kuloci in tsaya, in kashe inji, in sauko in durƙusa kamar mai hankali. Ba ta zo mini ba sai bayan kwana uku.)

Na ɗaga. “Allah gafarta Malam!”

A daidai nan tayar gaba ta hau wani tsohon kututture. Sitiyari ya fizge daga gwiwata, tarakta ta karkata ta nufi gamba. Ƙafar kuloci tana sama, don gwiwarta ce ke aikin hannu. Sai na taka birki da dama. Wanda bai san tarakta ba bari in gaya masa: birkinta biyu ne, kowace tayar baya da nata, kuma a gona akan raba su don sauƙin juyawa. In ka taka ɗaya, ba tsayawa za ta yi ba. Taya ɗaya za ta kafe, ɗayar ta ci gaba da tafiya.

Tarakta ta fara zagaye. Ta ratsa gamba, garma na ƙasa, ta shiga gonar Sanda, ta kewayo, ta sake ratsa gamba ta dawo ta Malam. Da na juyo ta gabansu, na ga hannun Malam har yanzu yana sama. Ba a sauke hannu kafin babba ya sauke nasa. Na ƙara ɗaga nawa.

“Ina kwana, Malam!”

Muka sake tafiya. A zagaye na gaba na tarar ya ɗaga hannu biyu, Sanda kuma ya yar da sanda yana ihu. Sai a lokacin na gane cewa tun zagayen farko Malam ya gama gaisuwa, cewa yake in tsaya. Na saki hannun dama, ya faɗo kan cinyata, na ga taurari da rana tsaka, na ja maɓallin kashe inji.

Na waiwaya. A bayana ga wata da'ira mai kyau, kunya cikin kunya, rabi a gonar Malam rabi a ta Sanda. Gambar da ke tsakiya ta zama taki.

Sanda ne ya fara magana. Ya zagaya da'irar yana dubawa kamar mai sayen saniya.

“Kai Kaɗo, wanga aiki mi a sunanshi? Shanuna ba su yi boko ba, amma ban taɓa ganin sun yi huɗa mai kama da faifai ba.”

Na sauko da ƙyar, na cire takalmi, na durƙusa a cikin laka.

“Malam, gaisuwa ce na…”

“Na gani,” in ji shi. “Na amsa tun ta farko.”

Ya dubi inda gambar take a da, ya daɗe yana dubawa. Wannan kallon ya fi karayar zafi. Sannan ya ce wa Sanda, “Ubana da ubanka sunka dasa ta. Mu ma sai mu dasa.”

“Sai dai a jira direba ya tahi gida tukuna,” in ji Sanda.

Malam ya juyo gare ni. “Bana Sanda zai ƙarasa. Baɗi, in Allah ya kai mu, gonar taka ce kamar kullum. Amma ka riƙe magana ɗaya: muddin kana bisa wanga inji, na yafe maka gaisuwa. Duniya da lahira.”

Amsar tambayata dai na same ta. Ana iya tuƙa tarakta da hannu ɗaya, ana iya gaida suruki da hannu ɗaya, amma ba da hannu ɗayan ba kuma ba a lokaci ɗaya ba.

Washegari mai ɗori ya kwance kararen ya sake jan hannun daga farko, kuma ban koma kan inji ba sai da aka yi girbin gero.