Agogon Malam Kalilu Ya Rasu a Hannun Alƙalin Wasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗacin rai wanda ba ya da niyyar ɓoyewa, Malam Kalilu mai tsaron lokaci a filin ƙwallon kwando na Jibiya yana sanar da jama'a rasuwar agogonsa mai ƙararrawa. Marigayin ya rasu ranar Lahadin da ta gabata, shekara ta 1957, a gaban mutanen ƙasa biyu. Ba tsufa ya kashe shi ba, kashe shi aka yi.

A kasuwar Maraɗi aka sayo shi, ya zo Jibiya a naɗe cikin rawani. Tun da malaman lakwal, wato makarantar bokon Faransawa ta tsallaken iyaka, suka koya wa samarin garin nan jefa ƙwallo cikin kwandon da aka yanke wa gindi, shi ke zaune bisa tebur a gefen filin da ke bayan rumfar kwastan. Mai haƙuri ne, mai magana ɗaya. Ƙas, ƙas, ƙas, haka yake tafiya, bai san ɗan gari ba, bai san baƙo ba. Lalurarsa guda ce: in aka kife shi sai ya tsaya, in aka tashe shi ya ci gaba. Da wannan lalura aka yi ta amfani. Doka ita ce, alƙalin wasa ya busa usur, Kalilu ya kife agogo. In ba usur, ba kifewa.

Ga yadda ajali ya zo. Ana wasa da 'yan tsallake, sun fi Jibiya da maki ɗaya, ci guda kuwa maki biyu ne, lokaci ya zo gangara, sai jakunan gyaɗa suka ratso tsakiyar fili. Mai jakunan kuwa surukin Lawwali ne, Lawwali alƙalin wasa. Maimakon ya busa usur, bawan Allahn nan sai ya tuɓe takalma ya durƙusa. Aka gaida gida, aka gaida gajiya, aka tambayi mutanen Daddara ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwa Nagoggo da ciwon ƙafarta. Kalilu ya ɗaga hannu, ya daki tebur, Lawwali ko waiwaye. Marigayi kuwa yana ta aikinsa, ƙas, ƙas, ƙas.

Da jakuna suka wuce aka koma wasa, Abdu dogo na Jibiya ya saki ƙwallo daga nesa. Tana sama marigayi ya yi kukansa na ƙarshe, kirrrr, sannan ta faɗa kwando. 'Yan tsallake suka ce lokaci ya cika, 'yan Jibiya suka ce ci ne, kuma babu dokar da ta raba gardamar. Nan ne Lawwali, don kada a ce gaisuwarsa ta ja wa gari faɗuwa, ya shelanta cewa ya busa usur, Kalilu ne ya ƙi kifewa. Ya fizgi agogo ya murɗa hannunsa baya da ƙarfin tsiya. Aka ji ƙarat. Shi ke nan.

Marigayi ya bar makullin murɗawa, da tebur mai ƙafa uku da dutse, da Fatsuma uwargidan Kalilu wadda yanzu sai zakaran maƙwabta ke tashinta. Ya kuma bar maigidansa cikin abin kunya. Mutumin da bai taɓa cin daƙiƙar kowa ba, yau shi ake nunawa a kasuwa ana cewa ya sayar da gari don agogonsa ɗan Faransa ne. Mahautan da ko kwandon ba su taɓa gani ba, in ya gifta sai su yi masa kirrrr. Wallahi abin yana ci masa rai, har abinci ba ya shiga.

Saboda haka iyalan mamaci suna neman a gyara doka, kada wani agogo ya bi sawu. Alƙalin wasa ba ya gaisawa da kowa sai an tashi, ko da wanda ya ba shi 'ya ne. In dabba ta shigo fili, mai tsaron lokaci ya kife agogo da kansa, ba sai ya jira usur ɗin mai kunyar suruki ba. A zaunar da mutum biyu a tebur, ɗaya na nan, ɗaya na tsallake. Ƙwallon da ta bar hannu kafin ƙararrawa ci ce, kuma da an yi wannan doka tuntuni da Jibiya ce ta yi nasara, da Kalilu ya fi kowa murna. Na ƙarshe, alƙalin wasa ya riƙe usur ɗinsa, hannunsa kada ya sake kusantar tebur.

Za a binne marigayi a gindin turken kwando na gabas, ranar Lahadi bayan la'asar. Ba salla, ba sadaka, ba a buƙatar masu kuka. Mutum ɗaya ake jira. Lawwali ne zai ɗauki gawa, ya tsaya a tsakiyar fili inda ya durƙusa, ya faɗa wa jama'a da bakinsa cewa bai busa usur ba. In bai zo ba, an ɗaga jana'iza, gawa za ta ci gaba da zama bisa tebur a ƙofar gidan Kalilu, kan hanyar da Lawwali ke bi zuwa masallaci. Mamacin ƙarfe ne, ba ya wari, maigidansa kuma ba ya gaggawa.