Tumaki Uku da Rumfar Yaya

Da aka raba gadon Baba a Djougou, Yaya Sani ya samu rumfar goro, ni kuwa tumaki uku. Malam ya ce darajarsu ɗaya, amma abinci ya daina shiga mini.

Sai na saka babbar riga na tafi ofishin haraji a Parakou, wai in ji nawa za a ɗora wa magajin rumfa.

Ma'aikacin ya ce, "Ƙaramin gado ba abin damuwa ba ne, Malam. Kai mece ce sana'arka?"

Na gyara hula. "Shekara shida ina sayar da nama a kasuwar Arzèkè."

Ya duba littafin masu biyan haraji, babu sunana. Tumaki biyu suka tafi wajen biyan bashin harajin shekara shida.

Har yau Yaya yakan tare ni da murmushi: "Ƙane, ya tunkiyar da gwamnati ta bar maka?"