Ranar da Na Kira Surukina Ɓarawo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukina ya ga sabon gidana ba, ko da kuwa na so in manta, don matata ba ta barina.

Gidan a bayan Jambutu na gina shi, can ƙarshen Garwa, inda a lokacin gidaje suke a warwatse. Alhaji, mahaifin matata Hauwa, ya ce sam 'yarsa da jikokinsa ba za su koma jeji ba, ga labarin ɓarayi kullum. Ita kuwa Hauwa ba ta ƙetare maganar babanta. An gama gida, fenti ya bushe, amma muna nan cushe a ɗakuna biyu na haya. Daga ƙarshe Alhaji ya ce zai zo ya gani da idonsa, sannan ya yanke hukunci.

Sai na ce bari in nuna masa ni ɗan zamani ne. Na kira Hamadu, wani mai haɗa wutar lantarki da ya yi aiki a Duwala, ya zo da kayan alam, wato na'urar da ke yin ƙara in ɓarawo ya shigo, a kwali. Ya nuna mini iri biyu: wani ƙarami da ake liƙawa a ƙofa, in an buɗe ya yi ƙara, da wani mai kama da ido da ake kafawa a kusurwar ɗaki, duk abin da ya motsa ya gan shi.

"Patron, ɗauki na ƙofa, ya ishe ka," in ji Hamadu. "Wannan idon bai san mai gida ba, bai san baƙo ba."

Na ce ido nake so (ya fi kama da abin manya). Ya ce to ƙarar fa, jiniya ko murya? Ashe na'urar tana ɗaukar magana. Nan fa kaina ya kumbura. Na ce jiniya ai sai mutane su zaci motar asibiti ce. Na gyara maƙogwaro na kurma ihu cikin harsuna uku, Hausa da Fulatanci da Faransanci, don kada wani maƙwabci ya ce bai gane ba: "Ɓarawo! Gujjo! Au voleur! Ku kama shi!" Na sa aka ɗaura lasifika a saman katanga, na kuma ƙara batir saboda ɗauke wuta. Hamadu ya miƙa mini ɗan makunni mai maɓalli biyu, ya ce in danna in kashe na'urar kafin in shiga.

Ranar Asabar da hantsi na cire tsohuwar rigata na saka babbar riga, na ɗauko Alhaji. Ku sani, shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba, ko tari sai na fita waje. Da muka isa na buɗe ƙofar falo, na ja gefe na rusuna, na ce, "Bismillah, Baba." Wa zai shiga gaban surukinsa?

Alhaji ya cire takalmi, ya yi sallama, ya taka sau biyu.

Sai muryata ta fashe daga saman katanga: "Ɓarawo! Gujjo!"

Na cusa hannu a aljihu, babu komai. Makunnin yana cikin tsohuwar rigar, a rataye a gidan haya. Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni. Bakina a rufe yake, amma ga ni can sama ina cewa a kama shi.

"Kai ne wannan?" ya tambaya.

Na ce, "Na'ura ce, Baba."

"Na ji. Muryar wa?"

Ban samu amsawa ba sai ga mutane. Wani mahauci da adda, wata mata 'yar kudu da taɓarya, magina uku da shebur, har da wani tsoho da ya fito da buta don ita ya tarar a hannunsa. Ba wanda ya san Alhaji a cikinsu. Na tare ƙofa da hannuwa biyu ina rantsuwa cewa surukina ne, lasifika kuma tana ƙaryata ni da Faransanci.

Mahaucin ya ce, "To Malam, wanne za mu ji, kai na ƙasa ko kai na sama?"

Na ruga na kashe wutar gidan. Batir ɗina mai albarka ya karɓi aiki. Ƙarshe dai durom na hau, da babbar riga, na fizge wayar lasifikar, na sauko da fenti a gwiwa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma ciki na tarar Alhaji ya zauna a tabarma, maƙwabtan sun kewaye shi suna ba shi haƙuri, shi kuwa yana tambayar kowa sunansa da inda gidansa yake. Ni na durƙusa a bakin ƙofa ina jiran ya ce in mayar da shi.

Bayan sun watse ya ce, "Ba su san ni ba, kai ma ba su gama saninka ba, amma kafin in zauna sun cika gidan. Hauwa ta tare ranar Juma'a." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Amma ka cire muryarka daga katangar nan. Ban taɓa sanin kana da ita haka ba."

Washegari Hamadu ya sauya mini na ƙofa, da jiniya irin ta kowa. Abin da na koya shi ne, in za ka sayi abin tsaron gida, ka saurari mai haɗa shi, kuma kada ka ba na'ura aron bakinka, don ita ba ta da suruki.