Alalen Kimiyya

A fagen girki, duk garin Ƙofa ba na shakkar kowa, kuma wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro.

Shekarar da aka tura maigidana kwas a Kiru, inda ake nuna wa malaman firamare koyar da kimiyya da kayan gida, wata Juma'a ya shigo da gwangwanayen madara arba'in. Kowanne da jiƙaƙƙiyar auduga da 'yan ƙwayoyin wake. Ya ajiye, ya wuce masallaci.

Na leƙa, na ce bawan Allah, alale yake marmari, kunya ta hana shi faɗa. Ga wake, ga gwangwani, me ya rage? Na zubar da audugar, na ƙara wakena, na surfa, na niƙa, na zabga manja. Har da 'yar waƙata.

Da ya dawo na dire masa faranti ina murmushi. Ya daɗe yana kallon gwangwani mai sunan ɗalibinsa a jiki.

"Ina waken yara?"

"Ga shi nan, Malam, ci da zafinsa."

"Innalillahi! Litinin masu kwas za su zo ganin tsironsa. Don gudun awakin makaranta fa na kawo shi gida!"

Ya gama salati, ya cinye uku. Ranar Litinin baƙi suka tarar da sabon jiƙon wake, hedimasta kuwa ya fesa musu labarin kaf.

Yaran ajin yanzu sun yi furfura, amma in sun durƙusa gaishe ni sai sun tambaya: "Inna, alalen ya tsiro kuwa?"